Kujerar Mai Bas a Ƙungiyar Stryper: Nazarin Sauyin Makaɗa daga 1983 zuwa 2024

Wannan nazari ya bi diddigin matsala guda ɗaya da ta daɗe tana damun ƙungiyar makaɗa ta Stryper, wadda aka kafa a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma ta shafe sama da shekara 40 tana isar da saƙon addinin Kirista ta hanyar kiɗan da ake kira hebi metal, wato kiɗan jitar lantarki mai ƙara da ganguna masu nauyi da murya mai tashi sama. Matsalar ita ce ta riƙe mutum huɗu a inuwa ɗaya. Mai ganguna da mai jita ba su taɓa ajiye aiki ba muddin ƙungiyar tana raye, mawaƙin ya fita sau ɗaya ya dawo, amma kujerar mai kaɗa bas, wato jitar nan mai kaurin amo da ke ɗaure ganguna da sauran kiɗan, ta sauya hannu sau biyar tsakanin mutum huɗu, ban da makaɗan haya da aka ɗauko suka kaɗa ta a faifai aƙalla uku.

Akwai bambancin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko. A tsarin da muka saba da shi, mawaƙi ne mai suna, makaɗansa da 'yan amshinsa kuwa suna iya sauyawa ba tare da masu sauraro sun ce an taɓa musu waƙa ba. A ƙungiyoyin rok da metal na Amurka sunan na kowa da kowa ne, ana buga hoton dukkan 'yan ƙungiya a bangon faifai, masoya suna haddace sunan kowane ɗaya daga cikinsu, saboda haka fitar mutum guda takan zama babban labari, wani lokaci ma ta zama sanadin wargajewar tafiyar baki ɗaya.

## Asali: 1975 zuwa 1985

Tushen ƙungiyar wa da ƙane ne: Robert Sweet, mai ganguna, wanda aka haifa a 1960, da Michael Sweet, mawaƙi kuma mai jita, wanda aka haifa a 1963. Gidansu ya rungumi addinin Kirista da gaske a wajajen 1975 ta dalilin wa'azin Jimmy Swaggart da suke kallo a talabijin, amma samarin biyu sun yi sanyi da harkar coci a shekarun da suka shiga kiɗa a gidajen rawa na Los Anjalas da sunan Roxx Regime. A 1983 Oz Fox ya shigo da jitarsa, sannan Tim Gaines ya baro wata ƙungiya mai suna Stormer ya karɓi bas. A daidai wannan lokaci suka yanke shawarar mayar da waƙoƙinsu kan imaninsu, kuma da suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin buga faifai na Enigma sai suka ɗauki sunan Stryper.

Sunan yana jingine da aya ta 5 a sura ta 53 ta littafin Ishaya, inda ake maganar bawan da aka yi wa rauni saboda laifin wasu, wanda Kiristoci suka fahimta a matsayin Yesu Almasihu. Kalmar da tsohuwar fassarar Turanci ta sa a wurin shatin bulala ita ce kuma kalmar da ke nufin ratsi a jikin tufa, ratsin rawaya da baƙi kuma shi ne tambarinsu. Sun sa shi a riguna da wanduna, sun shafa shi a jita da ganguna, har da kayan da ke kan dandamali. A tsakiyar wasa kuma sukan jefa wa 'yan kallo kwafin Littafi Mai Tsarki. Abin lura a nan shi ne cewa tun ranar farko an gabatar da Stryper ga jama'a a matsayin mutum huɗu masu anko ɗaya, alhali kuwa yawancin waƙoƙin daga hannun Michael Sweet suke fitowa, kuma muryarsa ce ake fara ganewa idan an kunna faifai.

Ƙaramin faifansu na farko, The Yellow and Black Attack, ya fito a 1984 da waƙoƙi shida. A 1985 suka fitar da Soldiers Under Command, wanda ya sayu fiye da kwafi 500,000 ya sami shaidar zinariya, abin da ba a saba gani ba ga ƙungiyar metal da ke ambaton Yesu a fili. Suka ta zo musu ta fuska biyu. Wasu masoya metal suna ganin addini talla ce kawai, wasu coci-coci kuma suna ganin kiɗan kansa haramun ne, har akan sami masu ɗauke da kwalaye suna zanga-zanga a ƙofar wuraren wasansu. Swaggart da kansa, wanda ta bakinsa gidan su Sweet ya shiga addinin, ya fito ya yi Allah wadai da su a wa'azinsa.

## Farkon ɓarakar: 1986 zuwa 1988

Matsalar ta fara bayyana ne a shekarar da ƙungiyar ta fi samun ɗaukaka. A 1986, ana tsakiyar shirin faifai na uku, To Hell with the Devil, Gaines ya rabu da sauran ukun. Aka ɗauko wani makaɗin haya mai suna Brad Cobb ya kaɗa bas ɗin faifan a situdiyo, aka kuma kawo Matt Hurich domin ya gaji kujerar a kan dandamali, har aka tanadar masa kayan ratsi da jita mai ratsi. Hurich bai wuce kimanin wata guda ba. Kafin faifan ya shiga kasuwa Gaines ya dawo, aka ɗauki hotunan talla da shi, kuma shi ya yi rangadin da ya biyo baya.

Faifan ya fito a watan Oktoba na 1986, ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya, ya sami shaidar filatinam, aka sa shi a takarar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, tashar talabijin ta MTV tana yawan nuna bidiyonsu bisa buƙatar masu kallo, ɗaya daga cikin waƙoƙinsa masu sanyi kuma ta kai matsayi na 23 a jerin mujallar Billboard na waƙoƙi ɗari da suka fi tashe. Wannan ne faifan da ya fi kowane faifai nasu ciniki har yau. Mutum ɗaya daga cikin huɗun da ke cikin hoton bai kaɗa ko waƙa ɗaya a cikinsa ba.

An sake bin wannan hanya a 1988. A faifan In God We Trust, wanda shi ma ya sami shaidar zinariya, Cobb ne ya sake kaɗa bas, duk da cewa a lokacin Gaines cikakken ɗan ƙungiya ne da ke hawa dandamali kowane dare. Maganin farko da aka gwada ke nan: a bar fuska ɗaya a hoto da wajen wasa, a sa wani hannu dabam a situdiyo. Ta fuskar ciniki dabarar ba ta jawo asara ba, domin yawancin masu saye ba su ma lura ba. Abin da ta bari shi ne ɗan ƙungiya wanda ya san cewa faifai biyu mafiya shahara da ke ɗauke da hotonsa ba aikinsa ba ne, da kuma abokan aiki uku da suka riga suka koyi cewa ana iya gama faifai ba tare da shi ba.

## Sauya tufafi da sassauta saƙo: 1990 zuwa 1991

Cinikin faifan 1988 bai kai na 1986 ba, kuma masu sharhi sun soke shi da cewa an goge shi ya yi santsi fiye da kima. Martanin ƙungiyar shi ne Against the Law, wanda ya fito a watan Agusta na 1990 ƙarƙashin kulawar Tom Werman, mai shirya faifai da ya yi suna da manyan ƙungiyoyin rok. Suka ajiye ratsin rawaya da baƙi suka koma baƙaƙen kayan fata, suka sauya tambari, kiɗan ya ƙara kaushi, kalmomin waƙoƙin kuma suka daina ambaton Allah kai tsaye. A wannan karon Gaines ya kaɗa nasa bas ɗin, kuma ana iya cewa a nan ne aka fi jin mutum huɗun suna kiɗa a matsayin ƙungiya guda.

Kasuwa ba ta karɓa ba. Jita-jita ta bazu cewa sun bar addini, shagunan sayar da littattafai da faifan Kirista da dama suka ƙi ajiye faifan, masu sauraron rok na gama-gari kuma ba su zo da yawan da zai cike giɓin ba. Faifan bai kai matakin zinariya ba. Michael Sweet ya amsa daga baya, a hirarraki da kuma tarihin rayuwarsa da ya wallafa a 2014, cewa a wannan lokaci shan giya ya yi yawa a tsakaninsu, rayuwarsu ta bayan dandamali kuma ta yi hannun riga da abin da suka daɗe suna faɗa wa jama'a. Ana cikin haka kamfanin Enigma ya durƙushe, suka koma Hollywood Records, wanda ya tattara tsofaffin waƙoƙinsu ya haɗa da sababbi biyu ya fitar a 1991. Wannan ita ce shekarar da sabon salon rok daga birnin Siyatil ya mamaye rediyo da talabijin, ya kori yawancin ƙungiyoyin Los Anjalas masu dogon gashi da kayan ƙyalƙyali daga kasuwa, masu addini da marasa addini baki ɗaya.

## Tafiya babu mawaƙi: 1992 zuwa 1993

A watan Fabrairu na 1992 Michael Sweet ya fita. Sauran ukun suka yi ƙoƙarin riƙe sunan. Oz Fox, wanda a da yake amshi da murya ta biyu, ya koma gaba yana rera waƙoƙin yana kuma kaɗa jita, suka cika alkawuran wasannin da aka riga aka ƙulla a Turai. A watan Mayu na wannan shekara sun gayyaci Dale Thompson, mawaƙin wata ƙungiyar metal ta Kirista mai suna Bride, ya rera musu a wani wasa a Kalifoniya, har aka fara maganar cewa shi ne zai gaji kujerar, amma maganar ba ta tabbata ba, Thompson ya ci gaba da tasa ƙungiyar. Mutum ukun sun sake zagaya Turai a farkon 1993, suka yi wasansu na ƙarshe a Suwizalan a watan Maris, daga nan kowa ya kama gabansa. Ba su fitar da ko faifai ɗaya ba a cikin waɗannan watanni.

## Shekarun rabuwa: 1993 zuwa 2003

Michael ya fitar da faifan kansa a 1994 a kamfanin Benson na waƙoƙin Kirista, ya sami karɓuwa a wannan kasuwa, amma da tafiyar ta yi sanyi sai ya koma jihar Masachuset ya yi aiki a sansanin 'yan yawon shaƙatawa da gonar 'ya'yan itace ta surukansa. Fox da Gaines suka kafa tasu ƙungiyar mai suna SinDizzy, abin da ke nuna cewa saɓanin Gaines ba da kowa da kowa ba ne. Robert ya yi kiɗa da ƙungiyoyi daban-daban, ciki har da King James.

Masoya ne suka fara haɗa su. A 2000 aka shirya taron masoyan Stryper a jihar New Jersey inda mutum huɗun suka sake hawa dandamali tare, a ƙarshen shekarar suka yi cikakken wasa a Kosta Rika, a 2001 kuma suka yi wasa a bikin Cornerstone na makaɗan Kirista a jihar Illinois. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan haɗuwa ce ta kwana ɗaya ko biyu, babu wanda ya ɗaure kansa da alkawari. Sai a 2003, da Hollywood Records ya nemi sababbin waƙoƙi biyu domin wani tarin tsofaffin waƙoƙinsu, suka shiga situdiyo tare, sannan suka yi rangadin mako bakwai a Amurka wanda aka naɗa aka fitar a faifai a shekarar da ta biyo baya.

## Baƙo a kujerar: 2004 zuwa 2009

Dawowar ba ta cika shekara biyu ba Gaines ya sake fita a 2004. Wanda aka ɗauko shi ne Tracy Ferrie, ƙwararren mai bas da ya riga ya yi aiki da Michael a wasanninsa na ƙashin kansa. Faifan da ya biyo baya, Reborn na 2005, asalinsa waƙoƙi ne da Michael ya rubuta domin faifan kansa, sai da sauran suka ji su aka mayar da su na ƙungiya. Sautinsa ya karkata ga salon rok na shekarun 2000, an rage doguwar kaɗa jita da tashin murya da aka san su da shi, kuma tsofaffin masoya sun rabu biyu a kansa.

Waɗannan shekaru sun zo da nauyin da ya wuce na kiɗa. A 2007 aka gano matar Michael, Kyle, tana da cutar daji, ta rasu a watan Maris na 2009. A tsakanin nan Michael ya karɓi aikin rera waƙa da kaɗa jita a shahararriyar ƙungiyar Boston bayan rasuwar mawaƙinta Brad Delp, ya yi rangadi da su a 2008, ya ci gaba da zama a cikinsu har 2011. Faifan Stryper na 2009, Murder by Pride, ya dawo da tsohon sautin, amma a nan tsohuwar dabarar 1986 ta faɗa kan wata kujerar: gangunan da ke cikinsa makaɗin haya Kenny Aronoff ne ya buga su, ba Robert Sweet ba, duk da cewa Robert ne ya yi rangadin. Wannan ya nuna cewa sa hannun haya a situdiyo ya riga ya zama al'adar gidan, har ta iya hawa kan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar.

Ferrie bai gaza a aikinsa ba, babu wanda ya zarge shi da haka, kuma daga baya ƙungiyar Boston ta ɗauke shi a matsayin mai bas ɗinta. Abin da ba zai iya bayarwa ba shi ne abin da masu shirya wasanni da tsofaffin masoya suke biyan kuɗi su gani, wato fuskoki huɗun da ke cikin hotunan shekarun 1980.

## Dawo da mutum huɗun farko: 2009 zuwa 2017

Bikin cikar faifansu na farko shekara 25 ne ya dawo da Gaines a 2009, kuma zuwa 2010 kujerar ta sake zama tasa. Shekaru bakwai da suka biyo baya su ne mafiya yawan aiki da mutum huɗun suka yi tare tun bayan ƙuruciyarsu. A 2011 suka fitar da The Covering, inda suka sake rera waƙoƙin ƙungiyoyin da suka taso suna saurara, irin su Judas Priest da Iron Maiden da Black Sabbath da Van Halen, abin da ya sake tayar da ƙorafi daga wasu Kiristoci. Daga 2013 suka koma kamfanin Frontiers na ƙasar Italiya, wanda ya ƙware wajen buga faifan tsofaffin ƙungiyoyin rok ga masu sauraro da ba su kai na da yawa ba amma masu riƙon amana. A nan suka fitar da Second Coming da No More Hell to Pay a 2013, sannan Fallen a 2015, kuma masu sharhi da dama sun ɗauki biyun ƙarshe a matsayin mafiya ƙarfi da suka yi tun bayan 1986.

Second Coming ya cancanci a tsaya a kansa. Yawancinsa sake naɗar waƙoƙin faifansu uku na farko ne, ciki har da na To Hell with the Devil, kuma Gaines ne ya kaɗa bas. Bayan shekara 27 ke nan hannunsa ya shiga cikin waƙoƙin da ya shafe rabin rayuwarsa yana kaɗawa a gaban jama'a alhali a faifai na wani ne. Duk wanda ya san tarihin 1986 zai ji wannan faifai da wani kunne dabam.

Zaman bai ɗore ba. A watan Satumba na 2016, ana shirin rangadin cikar To Hell with the Devil shekara 30, wanda za su yi cikin tsofaffin kayansu na ratsi, Michael ya sanar cewa ƙungiyar za ta dakata bayan rangadin saboda wasu al'amura na rayuwar gida da suka shafi Gaines. An yi rangadin da mutum huɗun. A 2017 aka tabbatar cewa Gaines ya bar ƙungiyar. Shi ya ce korarsa aka yi, ya danganta abin da mutuwar aurensa da yadda abokan aikinsa suka ɗauki lamarin, ƙungiyar kuma ta ƙi amincewa da wannan bayani, ta ce dangantakar ce ta kai inda ba za a iya ci gaba ba. An yi ta musayar zafafan kalamai a hirarraki da shafukan sada zumunta, abin da ba a gani ba a fitarsa ta 1986 ko ta 2004.

## Cike gurbin a fili: 2017 zuwa 2024

A ƙarshen Oktoba na 2017 aka sanar da Perry Richardson a matsayin sabon mai bas. An haife shi a 1958, ya girmi dukkan sauran ukun, ya yi suna a ƙungiyar FireHouse a farkon shekarun 1990, sannan ya shafe shekaru yana yi wa mawaƙan kantiri, wato salon waƙar karkarar Amurka, kiɗa da amshi, irin su Craig Morgan da Trace Adkins. Bai samu damar shiga faifan da ake shiryawa a lokacin ba, don haka John O'Boyle ya kaɗa bas a God Damn Evil na 2018, kuma a wannan karon ƙungiyar ta faɗi haka tun kafin faifan ya fito. Sunan faifan, wanda a Turanci yake kama da ashar, ya sa kantunan Walmart da wasu shagunan Kirista suka ƙi sayar da shi.

Ba a jima ba aka jarraba sabon tsarin. A watan Agusta na 2018 Oz Fox ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar wasa a Las Vegas, binciken likitoci ya nuna ƙari biyu a cikin kansa. Ƙungiyar ta cika alkawarin wasanninta na Ostireliya da mutum uku, Michael yana ɗauke da aikin jita shi kaɗai. An yi wa Fox tiyata a ƙwaƙwalwa a 2021, kuma a lokutan da jinya ta hana shi tafiya sun ɗauko Howie Simon ya riƙe masa wurin, tare da bayyana wa jama'a cewa riƙo ne, kujerar ta Fox ce. Richardson ya kaɗa bas a Even the Devil Believes na 2020, da The Final Battle na 2022, da When We Were Kings na 2024, shekarar da suka yi rangadin cika shekara 40. Faifai uku a jere ke nan da mutum huɗun da ke cikin hoto su ne mutum huɗun da suka yi kiɗan, kuma zuwa 2024 Richardson ya shekara bakwai a kujerar ba tare da yankewa ba.

## Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne na 1986 da 1988. Ɗauko makaɗin haya ba laifi ba ne a wannan sana'a, ƙungiyoyi da yawa sun yi. Illar ita ce an bar mutum a hoto an cire shi daga aiki, aka sa shi zama ɗan gida a gaban jama'a kuma baƙo a situdiyo. Ga ƙungiyar da jarinta shi ne a yarda cewa abin da take faɗa gaskiya ne, wannan rufa-rufa ta fi ciwo fiye da yadda za ta yi wa wata ƙungiyar da ba ta ɗauki wa'azi a bakinta ba. Ina ganin fitar Gaines ta 2004 da ta 2017, ko da kowacce tana da nata dalilin na kusa, sun tsiro ne a kan ƙasar da aka riga aka sassauta tun wancan lokaci. Ya kamata kuma a yi masa adalci: shi ne ya ɗauki bas ɗin a shekarun da aka gina sunan a gidajen rawa da manyan filaye, shi ya kaɗa a faifai biyu na farko, da na 1990, da waɗanda suka dawo da martabar ƙungiyar tsakanin 2011 da 2015.

Sauyin 1990 ya gaza ne saboda an taɓa abin da ba shi ne ke ciwo ba. Masu sayen faifan Stryper ba su gaji da ratsi ko da ambaton Allah ba, su ne ma dalilin da ya sa suke saye, kuma da aka cire su sai ƙungiyar ta zama ɗaya daga cikin ɗaruruwan ƙungiyoyin Los Anjalas a daidai lokacin da kasuwar take rufewa a kansu duka. Gwajin 1992 kuwa ya ba da amsa mafi tsabta a duk tarihin. Da bas ya sauya hannu, faifai sun ci gaba da fitowa. Da aka sauya mai ganguna a situdiyo a 2009, faifai ya fito. Da mawaƙi kuma marubucin waƙoƙi ya fita, tafiyar ba ta wuce wata goma sha uku ba, kuma ba ta bar sabuwar waƙa ko ɗaya a faifai ba.

Abin da ya sa tsarin 2017 ya tsaya inda na 2004 bai tsaya ba yana da sassa uku da suka haɗu. Richardson tsaran sauran ne a shekaru da tarihi, ya fito daga zamani ɗaya da salon kiɗa ɗaya, yana da nasa sunan, don haka masoya ba su kalle shi a matsayin yaron Michael da aka ɗora a kujerar wani ba, kuma ya iya amshin murya mai hawa-hawa wanda shi ne rabin sautin Stryper. Sannan an daina ɓoye wanda ya kaɗa me, ko O'Boyle ne a situdiyo ko Simon ne a dandamali. Na uku shi ne cewa ma'aunin nasara ya sauya: a ƙarƙashin Frontiers ba a neman kwafi miliyan, ana neman faifai kowace shekara biyu ko uku da rangadin da zai biya kuɗinsa, kuma matsin da ya sa aka ajiye ɗan ƙungiya gefe domin a sami sautin da rediyo ke so a 1986 ya ragu ƙwarai.

Duk da haka ba zan ce an warware matsalar gaba ɗaya ba. An daidaita kujera ta huɗu, amma da asarar ɗaya daga cikin mutum huɗun farko, cikin rabuwar da ta bar ɗaci a ɓangarorin biyu. Kujerar da gwajin 1992 ya nuna ba ta da magaji kuma tana nan yadda take, a hannun mutum ɗaya da ya haura shekara 60. A watan Disamba na 2023 an yi wa Michael Sweet tiyata a maƙogwaro aka cire wani sashe na ƙwayar da ake kira tayirod, wanda aka gano yana ɗauke da cutar daji, a wurin da ke dab da jijiyoyin murya. Ya warke ya koma dandamali a 2024, kuma shi ne ya rera waƙoƙin rangadin cika shekara 40 daga farko har ƙarshe.